Allurar da ke Gwiwar Baba

Shekarun baya, ina sabon ma'aikaci a ɗakin gwajin wani asibiti a Gumel, gwiwar mahaifina ta kumbura har ya daina zuwa kasuwar Maigatari. Shi kuwa ya riga ya yanke hukunci: allura aka binne masa, kuma amininsa na Gagarawa ne ya binne ta, wanda suke cinikin shanu tare tun suna samari. Ko sallamarsa ya daina amsawa. Abin ya dame ni ƙwarai, don a hannun mutumin nan na tashi.

Likita ya zuƙi ruwan gwiwar, ya ce yana zargin wani irin gishiri ne ya taru a ciki, sai dai madubinmu na duba ƙwayoyin cuta ba zai nuna shi sosai ba sai da gilasai biyu masu tace haske, mu kuwa ba mu da su. Ni da son gwaninta, na ɓalle tabarau ɗina mai kashe ƙyallin rana, wanda nake yi wa 'yan mata yanga da shi. Na sa gilashin tabarau ɗaya a ƙarƙashin ruwan, ɗaya a sama, na yi ta juyawa har wurin ya yi baƙi ƙirin. Sai ga wasu siraran abubuwa masu tsini suna walƙiya a cikin duhun.

Na kira Baba ya leƙa, ina jiran yabo. Ya daɗe kafin ya ɗago.

"Allura! Ban faɗa muku ba?"

Garin neman gira na rasa ido.

Likita ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, jikinka ne ya ƙera ta. Yawan cin nama ne, musamman hanta da ƙoda. Wa ke ba ka su?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Shi ne. Duk ranar kasuwa sai ya saya mini, ko shi bai ci ba."

Da magani ya karɓe shi, bai aiki kowa ba, da kansa ya hau mota zuwa Gagarawa yana ɗingishi.

Yanzu muna da madubi mai gilasansa a jiki, ba sai an ɓalle komai ba. Amma duk ranar da allurar nan ta haska mini, kewar Baba ke kama ni. Na koyi cewa ido yana iya ganin gaskiya, zuciya ta karanta ta a karkace. Baba da amininsa ba su sake rabuwa ba, sai ranar da aminin ya sa Baba a kabari da hannunsa.