Maganin da Inna Ta Rabar

Wata bakwai da aurenmu afendis ɗin maigidana, wato ɗan tsiron nan na jikin hanji, ya fashe. A lokacin, duk abin da na sani game da jinya a littattafan soyayya na karanta shi: mace ta zauna bakin gado tana shafa goshin masoyinta, shi kuma ya buɗe ido ya yi murmushi. Nawa bai yi murmushi ba, nishi kawai yake yi.

Likitar da ta duba shi a asibiti, wata doguwar mata mai sanyin murya, ta ce mugunya ta bazu a cikinsa. Bayan tiyata aka riƙa ba shi magunguna biyu na kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, ɗaya sau ɗaya a rana, ɗayan sau uku. Da zazzaɓi ya sauka ya fara shan kunu, sai ta mayar da shi kan na haɗiya, ta sallame mu, ta ce a shanye duka.

A gida 'yan dubiya suka yi ta zuwa, har daga Kalmalo da Araba. Inna, mahaifiyarsa, ba ta iya ganin mai ciwo ta ƙyale. Duk wadda ta ce cikinta na murɗawa, sai Inna ta ɓallo mata daga maganinsa.

"Amshi biyu. Wanga shi ya tashe shi."

Ina gani, amma yaya amarya za ta kwaɓi surukarta? Magani ya ƙare tun kwanakinsa ba su cika ba, zazzaɓi ya dawo, muka koma asibiti.

Likita ta tambaye ni ina sauran maganin. Na sunkuyar da kai.

"Ni na bayas," in ji Inna. "Mi na yi? Maƙwabta na ciwo in hana su?"

Na zaci za a yi faɗa. Sai likitar ta rusuna a gabanta.

"Inna, ladarki na nan. Amma su bai warkar da su ba, shi kuma an bar cutarsa da sauran rai."

Ta sauya masa wani mai ƙarfi ta jijiya, aka zuƙe mugunyar da ta sake taruwa. Har yau ina yi wa matar nan addu'a, domin ta faɗi abin da bakina ya kasa, ba ta kuma kunyata tsohuwa ba.

Da muka dawo gida, Inna ta ƙulle sabon maganin haɗiyar da aka ba mu a bakin zanenta. Ita take ba shi da hannunta, ko ni ba ta bari in taɓa, har ya haɗiye na ƙarshe ya miƙe ya koma rumfarsa ta albasa.