Inna Ta Buga Kwano, Ban Ji Ba

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai. Ni haifaffiyar Yammedi ce ta ƙasar Karaye, aure ne ya kawo ni Rogo tun da ƙuruciyata. Boko a aji huɗu na tsaya, don haka a yi haƙuri da rubutun. Ba ni da yawo, sai in yi wata guda ban leƙa waje ba in ba suna ko gaisuwa ba, amma Allah ya ba ni baki, ya kuma ba ni kunne. Ina madafi zan faɗi wadda ta shigo zaure kafin ta yi sallama, daga jan takalminta kawai. Babur ɗin maigidana kuwa, ko cikin guda goma yake, tun daga kwanar masallaci nake gane shi. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma uwar mijina ce ta koya min, wadda muke gida ɗaya, nake ce mata Inna.

Na san da an ce uwar miji wasu za su gyara zama su jira labarin rigima. To babu ita. Baiwar Allah nan riƙon 'ya ta yi min, har na aurar da 'yata ta fari ba ta daina ce min Amarya ba. Ita ta nuna min cewa da kunne ake suyar ƙuli. Takan ce in na tsaya jiran launi to na makara, in saurari mai: da farko zai yi ta surutu kamar ni, in ya fara rage murya to ruwan jikin ƙulin ya ƙare, in kwashe. Haka masu tsire suka san gidanmu, don namu ba ya ɗaci. Daga baya hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ta yi gumi kafin ta fito. Da yake ba ta iya kira, ita da kanta ta tsara mana dabara. Aka ajiye mata kwanon sha na silba da cokali a gefen hagu. Bugu ɗaya ruwa take so, biyu a juya ta, uku kuma bayan gida. Shekara guda muka yi a haka, ko daka nake yi ba ta taɓa maimaita bugu ba.

Sai 'yata da ke aure a Kano ta aiko min da babbar waya don in riƙa ganin jikokina. Na ɗauka ba za ta dame ni ba tunda karatu yana min wuya, ashe akwai saƙon murya. Mace irina mai son hira, wadda ba ta fita, aka kawo mata hirar duniya har ɗaki. Aka saka ni a guruf ɗin dangi, daga nan na anko, na girke-girke, na 'yan garinmu, har da wani da ban san kowa a ciki ba amma na haddace muryoyinsu. Ga kuma littattafan da ake karantawa mutum ya yi ta saurare. Da maigidan ya yi ƙorafin ƙara, sai na sayi abin nan na toshe kunne, iyafis, na riƙa zura shi ta ƙarƙashin ɗankwali. Wanda ya gan ni zai rantse aiki nake, alhali hannuna ne kawai a gidan.

Aikin da nake gamawa kafin azahar ya koma kaiwa magariba. Na ƙona gyaɗa ba sau ɗaya ba. Wani mai tsire da ya shekara goma yana saye a wurinmu ya tsaya a zaure ya ce a tambaye ni ko gawayi na koma sayarwa, don ƙulin jiya ya ɓata masa yaji, kuma daga ranar bai dawo ba. Maigidan ya ce shi dai mai ji ya aura, bai san ranar da aka musanya masa da kurma ba, in ma wayar ce za ta riƙa ba shi tuwo to a gaya masa ya fara gaishe ta. Na yi dariya na ce kishi yake da ita. Inna ma ta taɓa nuna kunnena da yatsa ta girgiza kai, na ce mata ai ɗaya kawai nake sawa. A lokacin gaskiya na faɗa, amma ban daɗe ba na koma sa biyun.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, maigidan ya fita da hatsi tun da safe, yara suna makaranta, daga ni sai Inna. A guruf ɗin dangi kuwa wuta ta kama a kan wani biki da aka yi a Kafin Dafga. Gwaggon ango ta ce alkakin da aka kawo a gara ko kaji ba zai ƙosar ba, uwar amarya ta mayar mata cewa wanda ya kawo lefe a akwatin aro ba shi da bakin ƙirga alkaki. Kowa ta ɗauki ɓangare, saƙo yana bin saƙo, wani ya fi minti goma. Ni ko bikin ban je ba, amma na toshe kunnuwana duka biyu, na zauna a bakin madafi ina murza ƙuli ina dariya ni kaɗai. Tsakanina da ƙofar Inna bai fi taku goma ba. Tun hantsi nake a haka har rana ta take, kuma ba don na tuna da kowa na tashi ba, caji ne ya ƙare. Da kunnena ya yi shiru sai na ji wani nishi ƙasa-ƙasa, irin na wanda ya gaji da neman taimako.

A ƙasa na same ta, tsakanin gado da ƙofa, zaninta ya ɓaci, cokalin yana damƙe a hannunta. Kwanon yana gefe, bakinsa ya lotse saboda duka. Ta buga ukun nan ta sake bugawa, Allah kaɗai ya san sau nawa, da ta ga ba mai zuwa sai ta yunƙura da kanta don kada ta ɓata shimfiɗa. Da muka haɗa ido ita ce ta sunkuyar da kai don kunya. Abin da na yi bayan nan ya fi komai ci min rai: kafin in kira kowa sai da na wanke ta, na sauya mata zani, na tura kwanon can ƙarƙashin gado. A asibiti aka ce ƙashin ƙugunta ya karye. Maigidan ya durƙusa a gabanta yana tambayar me ya hana ta bugawa ga ni a tsakar gida. Ta daɗe tana kokawa da harshenta, sannan ta ce ba ta buga ba. Ina tsaye na ji, ban kuma gyara maganar ba.

Da muka dawo gida na jefa wayar a ƙasan adaka, na kawo mata sabon kwano. Ba ta taɓa shi ba. Ta rage shan ruwa, kunu ma sai cokali biyu ta kau da kai, leɓɓanta suka bushe suka tsage. Kowa ya ce ciwo ne, ni kaɗai na gane: ba ta son abin da zai sa ta sake buƙatar wani. Kwana tara ina kallon wannan, ran na goma bayan la'asar na durƙusa a bakin gadonta na faɗa mata komai, har da maganar alkakin, na roƙe ta gafara. Ta miƙo hannun hagu ta kama kunnena ta murɗe da iya ƙarfin da ya rage mata, kamar yadda ake yi wa yaro, sannan ta share min hawaye da bayan hannu ta ce in ba ta ruwa. Ta shanye kwano guda. Wata biyu ta ƙara a duniya, ba ta sake tashi zaune ba, ta cika wata safiya da damina kanta yana kan cinyata. Na san kwana ne ya ƙare, ban ce ni na kashe ta ba. Amma azabar watannin nan biyu, da kunyar da ta sha a ƙasan ɗakinta, ni na ja mata.

Bayan sadakar arba'in na gaya wa maigidan. Ya ce ya sani. Tun washegarin faɗuwar ya ga kwanon a ƙarƙashin gado lokacin da yake neman takalmin Inna, ya kai mata ya nuna, ita kuma ta riƙe masa riga ta ce kar, ta maimaita har sai da ya yi mata alkawarin ba zai yi min maganar ba. Ya ce don ita ya haɗiye, ba don ni ba. Daga haka ya tashi ya tafi masallaci, kuma har yau bai sake tayar da maganar ba.

Wayar ban yar da ita ba, saboda 'yata da jikokina. Amma na fita daga duk guruf ɗin nan sai na dangi, iyafis kuma na jefa shi a murhu. 'Yan uwa suka yi ta tsiya, wata ta ce na zama ustaziya, wata ta ce in faɗi gaskiya ƙwacewa aka yi. Kwanakin farko hannuna da kansa yake laluben wayar, shirun gidan har ciwon kai yake sa ni. Yanzu tana zaune a kan adaka, ba na ɗaukar ta sai na sauke mai na share wuri na yi la'asar, in saurari abin da ya shafe ni a fili kowa yana ji, in an kira magariba in mayar. Mai neman ƙuli yana da lambar ƙaramar wayata. Aikina ya dawo yana ƙarewa da wuri, masu saye ma sun dawo, sai dai wadda za ta ɗanɗana ta ce ya yi ba ta nan.

'Yan uwana mata na cikin gida, musamman mai tsoho a ɗaki, ko jariri, ko majinyaci, don Allah ku ji tsoron abin da kuke toshe kunne da shi. Ni ban taɓa kallon abin banza a waya ba, hira ce kawai ta dangi, shi ya sa ban ga laifina ba sai da ya zama babu gyara. Ku yanka mata lokaci, ku ajiye ta nesa da hannu in kuna aiki. Duk waɗanda na bari a guruf, ko mako ba a yi ba suka manta da ni, kuma duk saƙon da na ƙi saurara da safe ina samunsa da yamma yana jirana. Mara lafiya ba ya iya irin wannan jiran. Wanda ya karanta, ya sa Inna a addu'a, ni kuma ya roƙa min Allah ya yafe min.