Ranar da Bencin Horo Ya Karye

Har gobe ban manta da wata Lahadi ta damina ba, ina shekara ta goma sha ɗaya a aikin sakataren cocinmu a Tudun Wada. Cikin aikina har da karanta sunan wanda dattawa suka sa a horo. Wanda aka sa a horo yakan zauna a bencin baya, ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci, sai wa'adinsa ya cika.

Ranar sunan Bitrus kafinta aka miƙo mini. Laifinsa, ya daina zuwa sujada, da dattawa suka tambaye shi ya ce bangaskiyarsa ta ƙare tun da ɗansa ya rasu. Ni kuwa shekara biyu ke nan da binne matata, ban sake yin addu'a ni kaɗai ba. A gaban jama'a dai "Amin" ɗina ya fi na kowa ƙarfi.

Na karanta sunan, kunya ta kama ni. Na ajiye takardar, na wuce kujerata ta gaba, na je na zauna kusa da Bitrus. Na san aikina na iya tafiya.

Rabaran ya sauko daga bagadi. "Sakatare, lafiya?"

"Baba, ciwonmu ɗaya. Shi ya faɗa, ni na ɓoye."

Sai ga Mama Saratu, shugabar zumuntar mata, da sandarta. "Matsa mini, ɗana. Ni ma na yi shekara ina waƙa da baki kawai."

Wani dattijo ya biyo ta, sai mai ganga, sai Rabaran kansa, wanda Allah bai rage shi a jiki ba. Bencin mutum huɗu ya ɗauki shida. Ƙafarsa ta ce ƙaras, muka zube gaba ɗaya!

Dariyar da aka yi ranar, har hawaye. Bitrus ya duba ƙafar ya ce, "Wa ya yi muku wannan aikin banza? Gobe zan zo da guduma."

Ya zo, na riƙe masa katako, kuma a nan muka yi addu'armu ta farko, guntuwa. Ba a kore ni ba.

Ku masu tasowa, kafin ku karanta sunan wani, ku duba ko akwai wurinku a bencin. Bitrus dai ya ƙara masa tsawo.