Sodangi, Direban Da Ya Ƙi Tashi Babu Malami

Kowace safiya, kafin ɗalibai su shiga aji, Malam Sodangi ya riga ya goge bas ɗin kwalejinmu a Ƙaura Namoda, ya duba mai da ruwa, ya zauna a inuwarta yana jiran aike. Shi ke kai 'yan ƙwallo wasa, shi ke kai ƙungiyoyin ɗalibai ziyara. Idan kuma ɗalibi ya rasu, shi ke mayar da shi gida. Bana ido ya gaza masa, ya ajiye aiki ya koma garinsu Ɗan Isa, ko taron shayi ba a yi masa ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Wata bazara, tun muna jihar Sakkwato, ɗalibai suka yi bore kan abinci. Aka rushe ƙungiyarsu, aka miƙa shugabanta, Muhtari ɗan Zurmi, ga kwamitin ladabtarwa, ga jarrabawarsa ta ƙarshe ta ƙarato. Malamai da ɗalibai ba sa ko ga maciji. Ana cikin haka sanƙarau ya ɗauke wani ɗalibi, Abbati, ɗan Katuru.

Ɗalibai suka cika bas, makara a tsakiya, suka ce ba malamin da zai bi su. Malaman ma babu wanda ya matso. Sodangi ya zare makulli ya jefa a aljihu.

"Baba, rana na yi," in ji Muhtari.

"Na gani, ɗana. Amma uban yaron ga bai san ƙungiya ba, bai san kwamiti ba. Makaranta yab ba ɗanai. In ya ce ina malamin yaro, mi za ni ce mai?"

Ya taka har ofis ya kamo hannun Malam Jibrin, shugaban kwamitin da kansa. Ya shigar da shi bas, aka kama hanya har aka wuce Shinkafi. Can yashi ya riƙe mota, dole aka saɓa makara a kafaɗa, Muhtari a gaba, Malam Jibrin a bayansa. Da aka gama binnewa, mahaifin Abbati ya riƙe hannun malamin yana kuka, ya nuna ɗaliban ya ce, "Nawa ya tahi. Ga waɗanga nan, amana."

Da ma a ce nan labarin ya ƙare. Malam Jibrin ya roƙi kwamiti har muryarsa ta dishe, aka rinjaye shi, aka kori Muhtari. Ran da Sodangi zai kai shi Zurmi, sai ya tarar da malamin zaune a cikin bas, ba wanda ya kira shi. Malam Jibrin ne ya durƙusa ya gaya wa mahaifiyar yaron. Da aka dawo da ƙungiya, shi ɗalibai suka zaɓa ubanta.

Kai ne, Sodangi, gada mai haɗa ƙetare biyu. Na san har yau kana ganin ba ka ceci Muhtari ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa masu riƙe da makulli a yau su yi koyi da kai.

Muhtari dai bai samu takardarsa ba, hatsi yake aunawa a kasuwar Zurmi. Na tambaye shi ko yana riƙe da makarantar a zuciya. Ya ce, "An kore ni, amma an rako ni gida."