Alwalar Yaya Idi

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Idi, manomi a Gidan Sori. Duk shekara nakan ɗauki biro in rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye. Bana dai dole ta sa.

Duk wanda ya san Yaya Idi ya san shi da buta. In an kira azahar ya tsuguna alwala, sai ya wanke hannu, ya kai fuska, zuciyarsa ta ce masa wani wuri bai jiƙu ba, ya koma farko. Liman ya tada salla ya sallame, jama'a su watse, shi yana nan tsugune. Rijiyarmu kuwa mai zurfi ce, da jaki ake jan guga, ga shi bido guda, wato jarkar ruwa, ba ya kai shi la'asar. Matarsa ta yi ta ɗaukar ruwa har ta gaji ta koma gidansu. Fatar hannunsa ta tsattsage kamar ƙasan tabki da rani.

Aka ce waswasin shaiɗan ne da raunin imani. An ba shi rubutu ya sha, an yi masa wa'azi, an yi masa faɗa. Ni da na je lakol, na yi boko, nake ganin kaina wayayye, tawa gudummawar ita ce ɓoye masa buta.

A lokacin babanmu yana da wata kariya mai gadin awaki. Takan kama bin wutsiyarta tana juyi har ta faɗi, in ta tashi ta dinga lasar ƙafa guda har ta yi gyambo. Biyu cikin ƴaƴanta suka ɗauko halin. Kowa a ƙauye ya ce abin a jini yake, ko kyauta ba mai karɓar kwikwiyonta. Wata rana Yaya ya tsaya yana kallonta, ya ce mini, "Sani, ka gan ta? Ita ma ta san ya isa. Tsayawar ce ba ta iyawa." Na ce ya ji tsoron Allah, ina ɗan Musulmi ina haɗa kai da kare. Bai sake yi mini zancen ba har zazzaɓi ya ɗauke shi.

Bara wani likitan dabbobi da ke zuwa allurar rigakafi nan Gazawa, inda nake koyarwa, ya shaida mini cewa masana sun daɗe suna nazarin irin waɗannan karnuka. Ya ce halin yakan bi dangi, kuma mutane ma suna iya gadon saurin kamuwa da irinsa. Ba duk wanda ya gada ne zai kamu ba, ya ce, kuma a asibiti ana taimaka wa wanda ya kamu. Da Yaya yana raye ya ji wannan, ban san ko daɗi zai ji ko haushi ba. Ina jin murmushi kawai zai yi. Mun yarda kare yana gadon ciwo, shi kuwa muka ce laifinsa ne.

Ba don son ilimi na tambayi likitan ba. Ɗiyata Hadiza ce, mai shekara goma sha shida, ta fara daɗewa a wurin alwala. Da farko sau biyu take maimaitawa, yanzu na daina ƙirgawa. Tana makara lakol, tana fitowa ido jawur don takaici.

Uwarta ta roƙe ni in rufa mana asiri. "Malam, in ka ce gado ne, ka san masu neman aure sai sun binciki asali. Wa zai zo gidan nan?" Gaskiya ta faɗa, na san mutanenmu. In na yi shiru, yarinyar za ta taso ana ce mata mai raunin imani. In na yi magana, na wanke Yaya, amma na shafa wa gidana tabo. Na auna har na gaji, na zaɓi tabon, shi ya sa kuke karanta wannan. Manemin da zai gudu ya gudu. Ranar Litinin za mu hau mota zuwa asibiti a Maradi.

Yaya Idi bai bar ɗa ba, gonarsa ma an raba. Abin da ya rage nasa ina ganinsa kullum a hannuwan ɗiyata, sai kuma darasin da ya so koya mini na ƙi saurare. Jiya da na gaya mata zancen tafiyar, Hadiza ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, an ce da Baba Idi nake kama. Mahaukaci ne shi?"

Na ce mata a'a, mutumin kirki ne mai tsoron Allah, ciwo ne ya same shi. Ta ɗago ta dube ni, na ga ta yarda. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Kai ba ka taɓa jin wannan daga bakina ba.