Tarin da Mioara Ta Ƙi Saya

A garinmu na bakin Danube, da zarar ganye ya fara zuba, sai tari ya kama 'ya'yan masu hali. Lokacin ne kuɗin otal da na jirgi ke faɗuwa, sai iyaye su je wajen likita da kwalbar zuma ko busasshen kifi, ya rubuta musu takarda cewa yaro na fama da ƙirji. Bayan mako guda yaron ya dawo daga bakin teku, hancinsa na saɓa don rana, yana tarin ƙarya a ƙofar aji. Malamai sun sani, limamin coci ya sani, karnukan gari ma sun sani. Sharaɗin ɗaya ne: yaro ya kama bakinsa. Wanda takarda ta ce yana kwance ba ya ba da labarin teku.

Mutum ɗaya na sani da ta ƙi sayen wannan tarin, surukata Mioara.

Ban so ta ba da farko, ba zan ɓoye ba. Ɗana Costel ya kawo min ita daga wani ƙauyen tudu, siririya kamar tsinken tsintsiya, ko kwale-kwale ta gani sai ta riƙe min hannu. Na ce wannan ba za ta kai hunturu biyu a gidana ba. Ashe Costel ne ba zai kai ba. Ya tafi Sifaniya tsinkar lemo, wata ta tsinke shi a can. Ni na haife shi, amma gaskiya ba ta da ɗa. Ya bar mata Ruxandra mai shekara huɗu da Anica tana rarrafe.

Matar da ke tsoron kwale-kwale ita ce ta je ta nemi aiki a ɗaya daga cikin fararen jiragen nan masu yawo da tsofaffin Jamusawa sama da ƙasa a kogi. Aka ba ta ɗakin wanki, can ƙarƙashin jirgi, ƙasa da ruwa, babu ko taga. Ta tafi a Maris, ta dawo ƙarshen Nuwamba, shekara goma sha ɗaya. Yaran suna hannuna.

Ni ban taɓa zama a aji ba, wasiƙa ba tawa ba ce. Waya kuwa in na kara a kunne, daga "kina lafiya" maganata ta ƙare. Don haka duk lokacin da jirgin zai tsaya a garin Calafat, sai in tsayar da yaran a jikin ƙofa, in auna tsawonsu da jan zaren ulu, in yanke. Na Ruxandra ƙulli ɗaya, na Anica ƙulli biyu. In ba direban bas ya miƙa wa Mioara a bakin gaɓa. Yaran sun ɗauka awon rigar sanyi nake yi. Mioara ba ta taɓa ce min ta samu ba, ni ma ban tambaya ba. Na ɗauka a kogi take zubarwa.

Anica ba ta da matsala, duk inda aka ajiye ta nan ne gida. Ruxandra ce ta girma da ƙaya. Ga ƙwaƙwalwa, duk ƙarshen shekara ita ake ɗora wa kambin furanni a filin makaranta, na ɗalibin da ya fi kowa. Amma tun tana sha biyu ta daina cewa Mama. Sai dai "ita". "Ita yaushe za ta koma?" Kuma na ji a kasuwa cewa ta gaya wa 'yan ajinsu uwarta a ofishin wani otal take aiki a Vienna. In uwar ta zo hutun hunturu da hannayen nan nata, ja jawur, duk sun tsage saboda sabulu da tururi, yarinyar ba ta yarda su jera a titi.

Jirgin yana da al'ada. Tafiyar ƙarshe ta shekara, wadda ake kai shi tashar da zai yi hunturu, fasinja kaɗan ne. Ma'aikacin da ya haura shekara goma, ana ba shi ɗakin fasinja ya ɗauki iyalinsa. Da bazara, lokacin hutun makaranta, ko gadon kyanwa babu. Kwana shida ne, a tsakiyar Nuwamba, karatu na tsaka.

Da na ji, ban tsaya shawara ba. Na ɗauki zumata na je wajen likita, na dawo da tari biyu masu hatimi.

Mioara ta samu hutun yini ɗaya ta zo. Muna cin tuwon masara da cuku na ajiye mata takardun. Ta karanta, ta ninke su tsaf kamar yadda take ninke hankicin fasinja, ta tura min.

"Mama, mayar masa. Ki karɓo zumarki."

"Ke, 'yar tudu, zuma in ta shiga gidan likita sai tashin kiyama. Me ya same ki?"

"In suka tafi da wannan, sun dawo ba su da bakin cewa sun je. Shekara sha ɗaya ana ɓoye inda nake. Ba zan sa hannu a ƙara ɓoyewa ba."

Ruxandra ta ajiye cokali. Ni ta kalla, don ba ta kallon uwar. "Kaka, gaya mata kwana shida ba takarda, makin ɗa'ata zai sauka daga goma. In ya sauka babu kambi. Gaya mata."

"Ga ta nan a gabanki, kunnenta biyu."

"Na ji," in ji Mioara. "Za mu je."

Da rana muka tafi wajen shugabar makaranta, Malama Dobre. Na bi ta ne don kada a cinye ta. Malama Dobre ba muguwa ba ce, mace ce da ta gaji. Ta rufe ƙofa, ta rage murya.

"Madam Mioara, ki yi yadda kowa ke yi mana. Kawo min takarda, ni kuma in rufe ido."

"Ba su da tari, Malama."

"To ina ruwana? Ɗan mai kantin magani ma ba shi da shi, ga takardarsa nan."

Na ce, "Wannan yaron da ya dawo baƙi kamar gindin tukunya? Allah Ya ba shi lafiya."

Ta danne dariya. "Iya Safta, don Allah. Doka ce, in ba uzurin ciwo ba sai na rubuta fashi. Yarinyar za ta rasa kambinta."

Mioara ta ɗora hannayenta a kan tebur, ba ta ɓoye su a cinya ba yadda ta saba. "Rubuta fashi. Amma in kina da wajen rubuta dalili, ki sa: sun je wajen aikin uwarsu, mai wanki a jirgi."

Malama Dobre ta daɗe tana kallon hannayen. Sannan ta rubuta.

Kwana biyu na farko a jirgi, Ruxandra ba ta fito daga ɗaki ba. Ta baje littattafai a kan gado, ta juya wa taga baya. Anica kuwa kafin la'asar ta san sunan mai dafa abinci da na karensa da ke gida. Ni na zauna a saman jirgi cikin bargo, wani tsohon Bajamushe yana ta yi min magana, ina ce masa haka ne. Uwar ba ma ganinta, tana ƙasa, don tafiyar ƙarshe ce ake wanke komai, har labule.

Rana ta uku muka shiga Ƙofar Ƙarfe, inda duwatsu ke matse kogi har ka ce za su haɗe a kanka. Kowa ya fito kallo. Na leƙa ɗaki na ce, "Gimbiya, tashi. Uwarki ba ta karya ba, kai mata wannan shayin."

"Ki aiki Anica."

"Anica na tuƙa jirgi. Ni kuma gwiwata ba ta san matakala ba. Ko sai na kira Bajamushena ya roƙe ki?"

Ta fizgi kofin. Na bi ta a baya, gwiwar tawa ta warke nan take.

Hawa uku muka sauka. Zafi ya tare mu kamar an buɗe tanda, injuna na ruri, ka sa hannu a bango ka ji kogi na wucewa ta ɗaya gefen. Mioara na can ƙarshe tana zura zanen gado a injin guga, ba ta gan mu ba. A saman kanta, a jikin wani dogon bututu, ga jan zare a rataye, daga wannan bango zuwa wancan. Gajeru a hagu, suna tsawo suna tsawo zuwa dama. Na farkon duk tururi ya kashe musu launi. Ko ɗaya ba ta yar ba.

Ruxandra ta tsaya. Ta kama wani gajere mai ƙulli ɗaya, ko ƙugunta bai kai ba.

"Kaka, wannan ba zaren rigar sanyi ba ne?"

"Kin taɓa ganin na saƙa miki riga? Ni da ko safa ban iya ba?"

Wata abokiyar aikin Mioara, 'yar Bulgeriya mai faɗin ƙofa, ta hango mu ta ƙwala ihu. "Ƙulli Ɗaya! Wallahi Ƙulli Ɗaya ce! Mioara, juyo ki ga, ta fi zarenta tsawo!" Ta rungume yarinyar da hannu duk kumfa. "Ke ce kika ƙi tsawo shekarar da kika yi ƙyanda? Uwarki ta hana mu sakat, kullum tana gwada zare da zare. Duk safiya sai ta gaishe ku kafin ta kunna inji, mu har mun saba, mu ma muna gaishe ku."

Mioara ta kashe injin, ta rasa inda za ta sa hannayenta. Shayin ya riga ya zube rabi a ƙasa. Ruxandra ta miƙa mata sauran.

"Ya huce, Mama."

Ni na ce zafin wurin ne ya sa min ruwa a ido, kuma har gobe haka zan ce.

Sauran kwana ukun, da ƙyar ake fito da Ruxandra daga ɗakin wankin. Ta koyi ninke zanen gado mutum biyu, ta ƙone yatsa, ta yi alfahari da ƙunar. Ranar ƙarshe, bisa al'adarsu, manyan jirgi ne ke yi wa na ƙasa hidima a tebur. Kyaftin da kansa, da farar rigar da Mioara ta goge, ya zuba mata miyar kifi, ya ɗiga a kan mayafin tebur. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan kai za ka wanke." Ruxandra ta fi kowa dariya.

Da suka koma makaranta, Anica ce ta kawo min rahoto. Malamin aji ya ce, "Ruxandra, an warke?" Ta miƙe ta ce, "Ban yi ciwo ba, Malam. Na je wajen aikin mamata. Wanki take yi a jirgi, a ƙarƙashin ruwa." Aka ce ta ba da labari, ta cinye darasin gaba ɗaya, da duwatsu da ƙofofin ruwa da ke ɗaga jirgi sama kamar guga. Ɗan mai kantin magani, wanda ya je har Girka, yana zaune yana haɗiyar nasa labarin, don takardarsa ta ce yana kwance.

Makin ɗa'a ya sauka zuwa takwas. A watan Yuni aka ɗora wa mai tarin kambi, muka tafa masa da gaske, don yaron ya sha jinya.

Da yamma Ruxandra ta ɗauko ƙwallon jan zaren da kanta. Ta auna Anica, ta sa Anica ta auna ta. Sannan ta juyo kaina.

"Tsohuwa, jingina da ƙofa."

"Ni kuma? Uwarki ta san tsawona."

"Ta san na bara. Kullum raguwa kike. Miƙe wuya."

Ta yanke, ta yi masa ƙulli uku, ta haɗa da nasu, ta ruga don kada bas ɗin Calafat ya tashi.