Tobin Takabata da Ya Koma Shuɗi

Wata bakwai ban rubuta komai a nan ba. Yau na iya kallon waya ba tare da hawaye ba.

Da Malam Isa mijina ya rasu, na shiga takaba da farin tobi, mayafinmu na Sudan, kamar kowace mace a Wad Haddad. Duk wanki sai in ga ya fito rawaya-rawaya. Sai in ƙara zahra, bular wanki. Washegari in sake ƙarawa.

Wata rana Yaya Hauwa ta shigo ta tsaya.

"Amina, biki za ki? Tobinki shuɗi ne kamar ƙofar kanti. Mata na ta magana, wai kin gaji da takaba."

Na ce, "Ke da mijinki yana raye, me kika sani game da farin tobi?"

Ta fita. Wata biyu ba mu yi magana ba.

Gaskiya hassada ce. In na ji ta ta katanga tana yi wa mijinta faɗan shayi, sai ƙirjina ya yi zafi. Har faɗan nake so.

Sai allura ta gagare ni, na fara tuntuɓe a bakin hawasha, gonarmu. Mijin Hauwa ya kai ni asibiti a Madani, ita kuma ta biyo mu. A layi kowace tsohuwa da mai riƙe mata hannu. Na ƙi kallonsu.

Likita ya haska idona ya ce, "Moya baida ce, Hajiya, wato yanar ido ce ta rufe shi. Shuɗi ne yake fara ɓace muku."

Na ji tsoron wuƙa. An yi aikin idon dama, ko zafi babu.

Da aka cire auduga, duniya duk shuɗiya, har bango. Na ruɗe. Likita ya yi dariya, ya ce ƙwaƙwalwata ta saba ƙara shuɗi da kanta shekaru, ba ta san an gyara idon ba tukuna. Sati biyar ta daina.

A mota, ranar da aka cire audugar, na ce, "Yaya, ki yafe mini."

"Yi shiru, likita ya hana ki kuka. Ni zan ɗiga miki magani, ke ba ki iya saiti ba."

Alhamdu lillahi, na gode muku da addu'a. Idan mutum biyu sun ce maki abu shuɗi ne ke kina ganin fari, je a duba idonki kafin ki zagi 'yar uwarki.